Kafin Ka Sayi Kambas Ɗin Hawan Dutse

Ɗana, tunda ka bar zagaya fili ka koma gudu a bayan gari, kana tashi daga kwaltar Wusasa ka bi burji har gindin Kufena, ka hau ka sauko, to lokaci ya yi da za mu zauna mu yi maganar takalmi. Na ji kana tara kuɗi, na kuma ji sunan kamfanin da bakinka ya kama. Ban hana ka ba, kuɗinka ne, guminka ne. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu: ranar da za ka shiga kasuwa, ƙafarka ce za ta yanke hukunci. Mai shago zai yi magana, abokanka za su yi, hoton da ka gani a waya ma zai yi tasa, amma cikinsu babu wanda zai sauko daga dutse sanye da wannan takalmi sai kai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ka fara da tunanin hanyar da kake bi. A fita guda ƙafarka tana taka kwalta, ta taka marmara da tsakuwa masu mirginawa, ta nutse a rairayin bakin rafi, ta tsallake kunyoyin gona, sannan ta hau falalen dutse, wanda da rani yake riƙe ƙafa, da damina kuwa in ya jiƙe ya yi gansakuka sai ya koma santsi. Masu tseren tsaunuka na Turai, irin waɗanda ke zagaya dutsen Mont Blanc a tseren da ya kai kusan kilomita 170, da yawansu suna da takalmin taɓo daban, na dutse daban, na kwalta daban. Kai kuɗin guda ɗaya gare ka, kuma babu laifi a haka. Abin da ya rage shi ne ka nemi matsakaici, wanda bai yi fice a wuri ɗaya ba amma ba zai ba ka kunya a ko'ina ba. Zan zo kan siffofinsa. Amma kafin nan, bari mu tsaya kan ƙafar kanta, domin a nan ne yawancin samari ke yin asara.

Ƙashi 26 ne a ƙafa guda, da gaɓoɓi 33, kuma duk lokacin da ka dira a guje sai sun buɗe sun karɓi nauyin da ya ninka na jikinka. Mu da muka tashi cikin silifas da fade, wani lokaci ma babu takalmin, yatsunmu sun saba da sakewa, gaban ƙafarmu ya fi faɗi bisa na wanda aka rufe wa ƙafa tun yana rarrafe. Kowane kamfani kuwa yana da siffar ƙafar da yake ɗinka takalminsa a kanta. Yawancin na Salomon tsukakku ne. Altra sun yi suna wajen faɗin gaba. New Balance da Brooks sukan fitar da takalmi iri ɗaya a faɗi daban-daban, inda za ka ga harafin D a na maza na yau da kullum, 2E kuma a mai faɗi. Saboda haka idan ka sa takalmin da kowa ke yabo ka ji ya matse maka gefen ƙaramin yatsa, kada ka zargi ƙafarka. Ba a kan irin ƙafarka aka ɗinka shi ba. Ajiye shi ka ɗauki wani.

Tun daga gida ka auna ƙafarka. Ka shimfiɗa takarda a ƙasa a jikin bango, ka jingina diddige da bangon, ka tsaya a miƙe da nauyinka duka, ƙanenka ya ja maka layi a bakin yatsan da ya fi tsawo. Na ce wanda ya fi tsawo, domin a wasu mutane ba babban yatsa ba ne, na kusa da shi ne. Ka yi wa ƙafa biyun, da wuya ka same su daidai da juna, kuma babbar ita za a bi. Ka auna da rula, ka ƙara santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wannan lambar ita za ka riƙe a ka. In ka ɗaga harshen takalmi za ka ga lambobi jere: wanda Turai ke kira 42, Ingila na kiransa 8 ko kusa da haka, Amurka kuma 9 ko ƙasa kaɗan, kuma 42 ɗin wannan kamfani ba lallai ya zo daidai da na wancan ba. Lambar da ke ƙarƙashin CM ko JP ita ce ta santimita, ita ta fi kusa da gaskiya.

Ka je kasuwa bayan la'asar. Ƙafa tana kumbura da zirga-zirgar yini, kuma a cikin gudu mai nisa, musamman a zafinmu, kumburin ya fi haka. Takalmin da ya zauna maka cif da sanyin safiya zai zame maka azaba a kilomita na goma. Ka tafi da safar da kake gudu da ita, kada ka gwada da ledar da mai shago zai miƙo maka don ƙafa ta zame ta shiga.

Ga abin da za ka yi in an miƙo maka takalmi. Kafin ka zura ƙafa, sa hannu ka zaro shimfiɗar cikinsa, ka ajiye ta a ƙasa, ka taka ta a tsaye, diddige a kan diddige. Sunkuya ka duba. In yatsunka sun zubo ta gefe sun fita daga kan shimfiɗar, takalmin ya yi maka tsukuku, ba sai ka wahalar da kanka ba. In sun zauna a ciki, duba gaba: tsakanin dogon yatsanka da ƙarshen shimfiɗar ya kamata faɗin babban yatsan hannunka ya shiga. Sai ka mayar da ita, ka sa ƙafa biyun, ka ɗaure igiya yadda za ka ɗaure ta in za ka fita gudu. Motsa yatsu a ciki. Ya kamata su iya buɗewa su kuma ɗaga sama. Tsakiyar ƙafa kuwa ana so takalmin ya rungume ta sosai ba tare da ya danne jijiyar bisa ba. Ɗaga diddige ka yi ɗage. In ka ji dunduniya tana fita tana komawa, da sauran magana.

Kada ka ji nauyin mai shago ka tsaya nan. Nemi gangara, ko da ta bakin kwata ce ko matakalar shago, ka juya fuska ƙasa ka taka da ƙarfi, ko ka doki ƙasa da kan takalmin a hankali. Wannan gwajin ya fi duk sauran muhimmanci ga mai hawan dutse. Hawa ba ya cin yatsu, sauka ke cin su. Duk takun da ka yi a gangara ƙafa tana zamewa gaba, in babu fili sai farcen babban yatsa ya riƙa dukan bangon takalmi, sau ɗari, sau dubu. Lokacin ba za ka ji wani abu mai yawa ba. Sai ka dawo gida ka cire safa ka ga farcen ya yi ja, kashegari ya yi shuɗi-shuɗi yana zugi, jini ya taru a ƙarƙashinsa, ko mayafi ya taɓa shi sai ka zabura. Bayan 'yan makonni ya yi baƙi ya ɗago ya fita, sabon kuma sai ya ɗauki watanni da yawa kafin ya cika. Na sha ganin wannan a ƙafafun yara masu ƙwazo, kuma abin yana ba ni takaici, domin santimita ɗaya ce tak ta raba su da lafiya.

Sai dai kada tsoron matsi ya kai ka ga sayen ƙato. Takalmin da ƙafa ke yawo a cikinsa shi ke kawo bororo a diddige da gefen tafin ƙafa, kuma a kan dutse mai karkata ƙafa za ta juya a ciki ta bar takalmin a inda yake, targaɗe ke nan. In komai ya yi daidai sai diddige kaɗai ke ɗan motsi, akwai dabarar igiya da ke gyara shi. Duba can sama kusa da idon sawu, za ka ga wata huda ta ƙarshe wadda yawancin mutane ba sa amfani da ita. Zura kowace igiya a hudar ɓangarenta ka bar ɗan madauki, sannan ka ɗauki igiyar dama ka zura ta cikin madaukin hagu, ta hagu cikin na dama, ka ja su ƙasa har su kama, sa'annan ka ɗaure. Diddige zai zauna, yatsu kuma su daina gudu gaba a gangara. In ka yi haka bai zauna ba, ba naka ba ne.

Mai shago zai ce maka, "Ai zai saki, yallaɓai." Takalmin fata na baduku shi ke saki ya bi ƙafa. Kambas ɗin gudu da zaren roba aka saƙa shi, bakinsa kuma an manne shi da roba mai tauri, ba ya ƙara tsawo ko kaɗan. Abin da ya dame ka a shago zai dame ka a hanya, ya ƙara.

Wataƙila wani zai sa ka jiƙa ƙafa ka taka ƙasa, ya dubi sawun ya ce tafin ƙafarka shimfiɗaɗɗe ne ko mai lanƙwasa ne, don haka sai takalmi kaza. Rundunar sojan Amurka ta gwada wannan a kan dubban sababbin kurata, aka wallafa sakamakon a 2009 da 2010: aka ba wasu takalmi bisa siffar tafin ƙafarsu, aka ba sauran iri ɗaya ba tare da dubawa ba, kuma raunukan ba su ragu ba a wajen waɗanda aka zaɓa wa. A 2015 Benno Nigg, masanin motsin jiki na Jami'ar Calgary a Kanada, wanda ya shafe shekaru yana binciken takalman gudu, shi da abokan aikinsa suka kawo shawarar cewa jin daɗin takalmi a ƙafa ma'auni ne da ya kamata mai gudu ya dogara da shi. Wannan ya yi mini daɗi, domin ya mayar da hukunci hannun mai ƙafa. Ka gwada uku ko huɗu, ka ɗan yi sassarfa da kowanne, wanda ka manta yana ƙafarka shi ne.

Abebe Bikila na Habasha ma ƙafarsa ce ta yanke masa hukunci a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960. Takalmin da ya samu bai zauna masa ba, yana yi masa bororo, sai ya ajiye shi ya yi gudun fanfalaki na kilomita 42 da 'yan kai babu takalmi, ya ci zinariya cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. A Tokyo a 1964 ya sake ci, wannan karon da takalmi a ƙafarsa. Ban kawo maka labarinsa don ka fita ƙafa tsirara ba, shi da haka ya saba, kuma titin Rum babu tsidau. Na kawo shi ne don ka ga mutumin da ya san ƙafarsa har ya ƙi yarda a cuce ta a ranar da ta fi kowace rana muhimmanci a rayuwarsa.

To, mu koma kan takalmin. Kifa shi ka dubi ƙasansa. Haƙoran robar nan su ne bambancin farko tsakanin na kwalta da na dutse. Masu tsawon milimita 5 zuwa sama na taɓo ne da ciyawa mai laushi. A kan kwalta da fako za ka ji suna tokarar tafin ƙafa, kuma nan da nan suke cinyewa. Kai nemi na milimita 3 zuwa 4, masu ɗan faɗi, da rata a tsakaninsu don laka ta riƙa zubewa. Danna robar da farce. Mai laushi ta fi kama jiƙaƙƙen dutse amma marmara tana cin ta da wuri, mai tauri tana daɗewa amma tana zamewa a kan falale in an yi ruwa. Maganar roba ba ƙarama ba ce. A 1935 mutum shida daga cikin abokan hawan wani ɗan Italiya mai suna Vitale Bramani suka rasu a tsaunukan Alps, aka ɗora wani ɓangare na laifin a kan takalman da suka sa, shi ne ya ƙirƙiro ƙasan takalmi na roba mai haƙora a 1937, wanda har yau ake sayarwa da sunan Vibram. Za ka ga tambarinsu ruwan ɗorawa a ƙasan takalma da yawa. In na gaske ne alama ce mai kyau, amma ka sani masu jabu ma sun iya manna shi.

Sosan da ke tsakanin roba da ƙafa shi ne ke ɗaukar idon samari yanzu, tun da kamfanin Hoka ya fito da masu kauri sosai. A kan kwalta suna da daɗi, ban musa ba. Amma gwargwadon nisan ƙafarka da ƙasa, gwargwadon sauƙin gurɗewarta in ka taka dutse a karkace, kuma ba za ka ji abin da kake takawa ba sai bayan ka taka. Siririn ƙwarai kuma zai bar kowace tsakuwa ta gaisa da ƙashinka. Ni dai matsakaici nake so maka. Riƙe takalmin da hannu biyu ka lanƙwasa shi: ya kamata ya lanƙwashe a gindin yatsu, inda ƙafa ke lanƙwasawa. Murɗa shi: ya ɗan yi gardama. Wasu ana sa musu wani siririn faranti mai tauri a ƙarƙashin gaban ƙafa. Turawa don kaifin duwatsu suka yi shi, mu kuwa ga duwatsun ga ƙaya. Ƙayar aduwa in ta bushe tana iya huda soso mai laushi har ta iske mutum, musamman a takalman da ba a rufe ƙasansu duka da roba ba, aka bar soso a fili don rage nauyi. In ka ga irin wannan ƙasan, ka yi tunani sau biyu.

Akwai kuma tazarar tudun diddige da na gaban ƙafa, wadda ke kamawa daga sifili zuwa milimita 12. Tsakanin 4 da 8 ya wadatar da yawancin mutane. Abin kiyayewa kawai shi ne kada ka sauko daga mai tudu sosai zuwa marar tudu a dare ɗaya, agara da sharaɓa za su ɗauki aikin da ba su saba ba.

Kada kowa ya ruɗe ka da wanda ruwa ba ya shiga, irin mai Gore-Tex. Don ƙanƙara da sanyi aka yi shi. A zafin Maris da Afrilu ƙafarka za ta dahu a ciki, da damina kuma in ka tsallaka rafi ruwa ya shiga ta sama, ba shi da hanyar fita. Gara mai raga wanda zai jiƙe ya bushe. Sai dai ragar ta zama mai ƙananan idanu, domin mai manyan idanu rairayi yake sha, ƙarangiya kuma tana maƙale masa da kaka har sai ka zauna kana tsincewa. Bakin takalmin ya zama da roba mai kare yatsu, saboda tuntuɓe ba ya sallama.

Na san aljihunka, na san akwai yiwuwar gwanjo za ka nufa, ko a Sabon Gari ko ka shiga Kano Ƙofar Wambai. Babu abin kunya a ciki. A ganina gwanjo na gaske mai sauran rai ya fi sabon jabu mai sheƙi, wanda sosansa ke mutuwa cikin 'yan makonni. Amma ka buɗe ido. Ɗora takalmin a kan tebur ka dube shi ta baya. In ya karkata gefe guda, mai shi na farko ya riga ya koya masa tafiyarsa, zai kuma tilasta wa ƙafarka ita. Dubi gefen soso: tamoji masu zurfi alamar ya gaji ne. Danna shi da yatsa daga ciki, in bai dawo ba ko ya yi tauri, ya gama aiki ko da samansa na ƙyalli. Ja robar ƙasa a baki da diddige ka ga ko gam ya fara saki. Wani takalmin ba a taɓa sawa ba amma ya shekara da shekaru a ajiye, irinsa yakan ɓare ko ya marmashe a fita ta biyu. Matsa bayan diddige, ya zama da sauran ƙarfi. In ka saya, wanke shi da sabulu ka shanya a inuwa har ya bushe sarai kafin ka sa, saboda ƙaiƙayin tsakanin yatsu yana bin takalmi. Saye ta intanet kuwa, in ba za a karɓa a canza maka ba, ka haƙura da shi, sai fa irin wanda ka riga ka sa ka san lambarsa.

In Allah ya sa ka dace, kada ka ɗauke shi ranar farko ka nufi ƙololuwa. Yi yawo da shi kwana biyu, ka yi gajeren gudu, ka ƙara a hankali. Safar auduga tana riƙe gumi, jiƙaƙƙiyar fata kuma ita ke saurin yin bororo, don haka nemi ta zaren roba wadda ba ta da ɗinki mai kauri a bakin yatsu. Yanke farce a kai a kai. Da hunturu ka riƙa shafa man kaɗanya a diddige da dare, domin faso in ya buɗe babu takalmin da zai yi maka daɗi. Kullum kafin ka zura ƙafa ka kifa takalmin ka kakkaɓe, ka san halin kunama. Kada ka shanya shi a tsakar rana ko ka bar shi cikin mota a rufe, zafi yana kashe gam da soso. Kuma ka ware shi don gudu kaɗai, ban da ƙwallo, ban da zuwa kasuwa.

Yawancin takalman gudu sukan yi kilomita 500 zuwa 800 kafin sosansu ya gaji. In kana yin kilomita 30 a mako, wata huɗu zuwa shida ke nan, don haka tun yanzu ka fara ajiye na gaba kaɗan-kaɗan. Haƙora in sun shafe, ko ka fara jin gwiwa da ƙwauri suna ciwo a hanyar da ka saba bi lafiya, takalmin ne ke sanar da kai. Amma ciwon da ya tsaya wuri guda a kan ƙashi, wanda kake iya nuna shi da yatsa ɗaya, ko ciwon diddige mai tsanani a takun farko na safiya, wannan kada ka tsaya canza takalmi kana jira ya wuce. Dakatar da gudun ka je asibiti a duba ka. In kuma cikin abokan gudunka akwai mai ciwon suga, ka gaya masa ya riƙa duba ƙafarsa bayan kowace fita, ƙasa da sama da tsakanin yatsu, domin shi takalmi na iya ji masa rauni bai ji ba. Allah ya tsare mana ku, ya ƙara lafiya.